Gyambon da ya ƙi magani: tarihin wankin miki a Garwa

Kafin a gina asibiti a Garwa, miki yana da masu shi, su ne wanzamai. Sun shigo ƙasar Fombina tare da fatake a ƙarni na 19, bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu, Fulani kuma suka kafa lamidancinsu a bakin Binuwai, a ƙasar da Bata da Fali suke zaune tun da can. Fataken Kano da Katsina da Zazzau suna zuwa da tufafi, suna komawa da hauren giwa da bayi. Duk inda ayari ya yada zango har kasuwa ta kankama, mahauci da maɗinki da wanzami sukan yi zamansu. Ta haka unguwar Hausawan Garwa ta kafu. A cikinta aka haife ni, a gidan wanzamai, kuma wankin miki shi ne aikin da na yi a asibiti har na ajiye aiki. Tarihin wannan sana'a nake so in bayar, ta hanyar miki iri ɗaya da ya fi kowane wahalar da mu, wato gyambon harfis a jikin mutumin da garkuwarsa ta karye.

Abin da wanzami ya sani

Zabirar mahaifina ba aska da ƙaho kaɗai ke ciki ba. Akwai ƙullin garin bagaruwa, da kwalbar zuma, da man kaɗanya, da ƙarfen sakiya na huda maruru. Ya bambanta miki da gyambo. Miki sabon rauni ne, a wanke shi da ruwan bagaruwa, a rufe, ya kame. Gyambo kuwa shi ne wanda ya kwana biyu ya ƙi haɗewa. In aka kawo masa mai gyambo, ba ya saurin kwance ƙulli. Sai ya tambayi yaushe abin ya fara, me mutum yake ci, ya rame ko bai rame ba, cikinsa yana gudu ko a'a. Yakan ce fata ba ta ƙin haɗewa sai in akwai magana a cikin jiki.

Ƙuraje iri uku da yau muka san danginsu ɗaya, su ma ya san su, ko da yake bai haɗa su zuri'a ba. Akwai 'yan ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, su bushe cikin mako guda ko biyu. Akwai irinsu da ke fitowa a al'aura, waɗanda ake cakuɗa su da tunjere. Sai kuma masu zafi kamar wuta, da ke bin haƙarƙari ko goshi a gefe ɗaya na jiki, waɗanda a lopital, wato asibiti, ake kira zona. Waɗannan na ƙarshe ciwon tsofaffi ne a zamaninsa. Mutane kan ji tsoro wai in suka zagaye jiki suka haɗu, mutum ya tafi. Ba sa haɗuwa, domin jijiya ɗaya suke bi, ita kuwa iyakarta tsakiyar jiki.

Na leɓe da na al'aura, ƙwayoyin bairos biyu ne ke kawo su, harfis na ɗaya da harfis na biyu. Zona kuwa ƙwayar ƙarambau ce da mutum ya yi yana yaro. Halinsu ɗaya: da zarar sun shiga, sai su bi jijiya su ɓuya a tushenta, su zauna har ƙarshen rai. Garkuwar jiki ce ke danne su. In ta yi rauni kaɗan, saboda zazzaɓi ko tsufa, su leƙo su koma. In ta karye gaba ɗaya, su fito su ƙi komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 64 cikin 100 na mutanen duniya 'yan ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da harfis na ɗaya, kashi 13 na 'yan shekara 15 zuwa 49 kuma suna ɗauke da na biyu. Mafi yawansu ba su ma sani ba. Shi ya sa wanzami ya yi suna da warkar da waɗannan ƙuraje. Jikin mai su ne yake yin aikin, shi kuma yana tsaftace wurin yana kare shi daga ƙuda da ruɓa, kuma wannan ma aiki ne.

Zamanin allura

A 1901 sojojin Jamus suka ci Lamido Zubairu na Yola da yaƙi a Garwa, suka kafa bariki. A watan Yuni 1915 Ingilishi da Faransawa suka ƙwace garin, ƙasar kuma ta faɗa hannun Faransa. Likitocin Faransa annoba ce damuwarsu. A kudu, Eugène Jamot ya kafa rundunarsa ta yaƙi da ciwon barci a Ayos cikin shekarun 1920, ya horar da 'yan ƙasa su duba jini su yi allura. A nan arewa abokan gaba su ne agana da sanƙarau da kuturta. Daga wannan tsari aka sami ma'aikacin jinya ɗan ƙasa, kuma a can ƙasan tsani akwai mai wankin miki, mai hantsaki da auduga da bandeji. Shi ne ya gaji rabin aikin wanzami.

Abin da ya juya zuciyar gari zuwa lopital shi ne fenisilin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Mutumin da tunjere ya ci jikinsa, a yi masa allura, miki ya ɓace. Tsofaffin ma'aikatan da na tarar sun ce daga nan ne mutane suka fara zuwa da kansu suna neman allura. Rigakafi kuma ya kawar da agana, har aka shelanta a 1980 cewa ta ƙare a duniya. Garwa ta fita daga wannan zamani da imani guda: duk mikin da ya ga allura ya warke.

Na shiga aikin a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ɗan garin, Ahmadu Ahijo, yake mulkin Kamaru. Gari yana bunƙasa. An kafa Sodecoton a 1974, masaƙar CICAM tana aiki, ana gina madatsar Lagdo wadda aka gama a 1982. Jirgin ƙasa ya iso Ngawundare a 1974, kaya suka bar kogi suka koma titi, manyan motoci suna ratsa Garwa zuwa Marwa da Kusiri da Njamena, direbobi suna kwana a tasha. Mikin da muke gani na inji ne, da na babur, da ƙunar wuta, da ƙafar manomi da ta ruɓe da damina. Muna wankewa da ruwan Dakin, mu shafa aidin ko shuɗin magani, mu ɗaure. Mafi yawa suna warkewa.

Lokacin da fata ta fara ba da labari

A watan Disamba 1981 wasu likitoci a birnin Nuyok na Amurka suka wallafa rahoto a kan samari huɗu masu gyambon harfis a dubura, wanda ya ƙi warkewa wata da watanni, garkuwarsu kuma ta rushe. Yana cikin rahotannin farko na cutar ƙanjamau, wadda mu a nan muke kira sida. A watan Oktoba 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara masana a Bangi, suka tsara yadda za a gane cutar da ido a wuraren da babu na'urar gwaji. Manyan alamu su ne rama, da gudawa ko zazzaɓin da ya wuce wata guda. Cikin ƙananan alamu akwai zona mai dawowa da harfis mai ci gaba da yaɗuwa. A wannan shekarar Kamaru ta bayyana masu cutar na farko, a 1986 kuma ta kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da sida.

A ɗakin wankin miki, abin ya iso mana kafin takardun. Zona ta bar tsofaffi ta koma kan 'yan shekara talatin: direba, soja, ɗan kasuwa mai zuwa Duwala, sannan matansu. Wani ta cinye masa rabin goshi har ta taɓa ido. Wani ta warke ta dawo a wani gefen. Ba a daɗe ba gari ya koyi karanta tabon, har mai shi ya riƙa sauko da hula ko jan mayafi don ya rufe.

Na al'aura da na dubura ya fi muni, domin ba a ganinsa sai ya yi nisa. Ƙurajen da a da suke bushewa cikin kwanaki, sai su fashe su haɗe su zama gyambo mai faɗin tafin hannu, ja wur, mai raɗaɗin da ke hana zama da fitsari da bayan gida. Ka'idar lokacin ita ce a ɗauki miki a al'aura a matsayin tunjere ko ɗan'uwansa, a yi fenisilin, a ba da ƙwayoyin kashe bakteriya. A yi, ba canji, domin waɗannan magunguna ba sa taɓa bairos. Gari kuwa ya riga ya yarda allura ba ta ƙarya. Tun da ta kasa, sai dangi su ce jifa ne ko sammu. Daga nan a bi layi: wanzami, malam mai rubutu, boka, a sayar da akuya, a sayar da keken ɗinki, a dawo mana da mutum ya zama ƙashi da fata.

Binciken da aka yi a 1997 da 1998 a birane huɗu, Yawunde da Kwatano da Kisumu da Ndola, ya nuna harfis na biyu da sida suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Mai harfis na biyu ya fi wanda ba shi da shi haɗarin kamuwa da sida kusan ninki uku, domin miki ƙofa ce. Sida kuma tana sake wa harfis linzami. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2004 ta sami masu sida kashi 5.5 cikin 100 na manya a Kamaru. A lardin Arewa, inda Garwa take, kashi 1.7 ne, a Adamawa kuwa 6.9. Adadinmu ƙarami ne a takarda, amma masu zuwa sukan zo a makare, saboda kunya da nisa da rashin kuɗi.

Maganin da ƙwayar ke kunna wa kanta

Duk wannan lokaci maganin yana nan a duniya. A kamfanin Burroughs Wellcome na Amurka, Howard Schaeffer ya haɗa asiklobir a 1974, Gertrude Elion da abokan aikinta suka gano yadda yake aiki suka wallafa a 1977. Ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1980 da sunan Zovirax, Elion kuma ta sami kyautar Nobel a 1988.

Ga ɗan garin auduga, aikinsa ba shi da wuyar ganewa. Asiklobir sawu ne da ba ya zama zare sai ƙwayar harfis ta kaɗa shi da mazarinta, wani sinadari nata da ake kira taimidin kines. In ta kaɗa, ta saka zaren cikin saƙar da take yi ta haihuwar kanta, sai saƙar ta tsaya cik, domin zaren ba shi da bakin da za a ɗaura wani. Lafiyayyen sashen jiki ba shi da wannan mazari, shi ya sa maganin ba ya cutar da shi sosai. Raunin maganin ma a nan yake. Cikin miliyoyin ƙwayoyi, akan sami 'yan kaɗan da aka haifa da karyayyen mazari. Waɗannan ba sa kaɗa sawun, don haka maganin ba ya kama su.

A jikin mai garkuwa, waɗannan tsirarun ba sa kai labari, jiki yana share su tare da sauran. Shi ya sa bijirewar harfis ga asiklobir ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba a tsakanin masu lafiya. A jikin wanda garkuwarsa ta karye, ƙwayar tana haihuwa ba tsayawa, maganin yana kashe masu jin magani, masu bijirewa su gaji filin. A nan adadin yakan kai kashi 4 zuwa 10, ya fi haka ma ga waɗanda aka yi wa dashen ɓargo. Tun 1982 aka fara ba da rahoton irin wannan. Ƙwayar da ta bijire wa asiklobir ta bijire wa balasiklobir, kusan kullum kuma ta bijire wa famsiklobir, domin hanyarsu ɗaya.

Asiklobir ya iso mana a mummunan lokaci. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu, a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin duk maganin da ake shigowa da shi ya haura. Tsarin Bamako na 1987 ya riga ya ɗora wa majinyaci sayen maganinsa. Kasuwar magani ta bakin titi ta buɗe, a tire da kan keke, kaya suna shigowa ta iyaka tare da man fetur na jarka. Shi kuwa asiklobir magani ne mai son ƙa'ida. Hanji ba ya tsotse fiye da kashi ɗaya cikin biyar nasa, kuma ba ya daɗewa a jini. Mai zona yana bukatar miligiram 800 sau biyar a yini har kwana 7, kuma a fara cikin awa 72 da fitowar ƙuraje. Mai harfis na al'aura karo na farko yana bukatar miligiram 400 sau uku a yini har kwana 10. Talaka kuwa yakan sayi ƙwaya goma, ya sha ɗaya safe ɗaya dare, in zafi ya ragu ya ajiye sauran. Wasu su fasa kafso su barbaɗa a kan miki. Wasu su shafa man bilicin ko man ƙaiƙayi mai kotizon, wanda ke ƙara kwantar da garkuwar fata, gyambo ya ƙara faɗi. Sai a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa asiklobir cikin ka'idar kula da mikin al'aura a wuraren da harfis ya yi yawa.

Tambayoyi uku

Tabbatar da bijirewa yana bukatar a shuka ƙwayar a ɗakin bincike, ko a karanta tsarin halittarta. A shekarun aikina ban ga an yi wa majinyacinmu wannan gwaji ba. Abin da muke da shi ido ne da kalanda, kuma da su muka koyi yin tambayoyi uku a jere. Na farko, shin harfis ne kuwa? Tunjere da tarin fuka na fata da sankara duk suna iya kama da shi, shi ma yakan tashi ya yi tudu har a zaci sankara ce. Na biyu, shin maganin ya shiga jiki yadda ya kamata, na gaske ne, an sha cikakke, ba amai ko gudawa da ke fitar da shi? Mafi yawan gyambunan da aka ce sun ƙi magani a nan suke faɗuwa. Na uku, in an sha daidai kwana 7 zuwa 10 miki bai fara ja da baya ba, an ƙara yawan maganin ko an ba da shi ta jijiya bai motsa ba, to a nan ne ake zargin bijirewa ta gaske.

Littafi ya ce daga nan sai foskarnet. Kamfanin Astra na Suwidin ne ya fitar da shi, aka amince da shi a Amurka a 1991, shekarar da gwajin da Sharon Safrin ta jagoranta ya nuna yana warkar da irin wannan gyambo ga masu sida. Ba ya bukatar mazarin ƙwayar, kai tsaye yake tsayar da saƙar. Amma ta jijiya ake ba da shi, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki duk awa 8, mako biyu ko uku ko fiye. Yana taɓa ƙoda, yana rikita gishirin jini, dole a riƙa ƙarin ruwa ana gwada jini a kai a kai. A garin da zafin Maris da Afrilu ke wuce digiri 40, ga majinyaci mai gudawa, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Bayansa akwai sidofobir, wanda Antonin Holy ya haɗa a Firag, aka amince da shi a 1996. Sau ɗaya ake yinsa a mako, amma shi ma ƙoda yake ci. Ban taɓa riƙe ko ɗaya daga cikinsu a hannuna ba. Abin da ya rage mana shi ne wanki a hankali da ruwan gishiri, maganin raɗaɗi, kare miki daga ruɓa, da zama kusa da mutum. Da yawa sun rasu gyambonsu a buɗe.

Abin da ya rufe miki

Abin da ya sauya ɗakinmu maganin sida ne. A ƙarshen shekarun 1990 kuɗinsa na wata ɗaya ya fi albashin ma'aikaci. Farashin ya yi ta sauka har ya kai sefa 3,000 a wata a 2004, daga 1 ga Mayu 2007 kuma gwamnati ta mai da shi kyauta. A wajen Marwa, asibitin Pette na Dakta Anne-Marie Schönenberger ya yi suna wajen kula da masu sida a karkara. Cibiyoyin ba da magani suka yaɗu har asibitocin gundumomi.

Ba na manta wata yarinya da mahaifiyarta ta kawo a wannan tsakanin. Mijinta ya rasu, ta koma gida, ba ta iya zama sai kwanciya a gefe ɗaya. Tsohuwar ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, basir ne. Ka ba mu na shafawa mu tafi."

Na ce, "Goggo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga ma'aikaciya mace, ita za ta duba ta, ni ina waje. Tun yaushe abin yake?"

Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tun kafin azumi, ɗan nan. Kunya ce ta hana ta faɗa ko ni."

Gyambon harfis ne, ya yi watanni. Sun sha asiklobir na tire, ƙwaya biyu a yini. Likita ya rubuta cikakke, ta sha a gabanmu, raɗaɗi ya ɗan lafa amma miki bai ragu ba. Ta yarda aka gwada jininta, aka ɗora ta a kan maganin sida. Makonnin farko abin ya ƙara ja ya kumbura, har tsohuwar ta so a daina. Likita ya bayyana mata cewa hakan yakan faru in garkuwa ta farfaɗo ta fara faɗa da abin da ta tarar. Suka daure. Fata ta fara tahowa daga gefe, kaɗan kaɗan, har ta haɗe. Ko ƙwayarta ta bijire wa asiklobir ko ba ta bijire ba, abin da ya rufe mikin garkuwarta ce da ta dawo. Irin wannan muka yi ta gani bayan 2007, har zona ta fara komawa kan tsofaffi. Ƙidayar 2011 ta sami masu sida kashi 4.3 cikin 100 a ƙasar, ta 2018 kuma 2.7. A 2016 Kamaru ta koma ba da magani ga duk wanda gwaji ya nuna yana da cutar ba tare da jira ba, daga Janairu 2020 kuma aka cire kuɗin gwaje-gwajen da ke tafiya da shi.

Waɗanda suka rage

Gyambon bai ƙare ba. Ma'aikatan da na bari a bakin aiki suna ganinsa ga wanda bai san yana da sida ba sai da ta kwantar da shi, da wanda ya bar shan magani saboda tafiya ko gudun hijira ko gajiya, da wanda ita kanta sidar ta bijire wa maganin da yake sha. Akwai kuma sababbin baƙi: masu sankara da ake yi wa ƙarin magani mai ƙarfi, da waɗanda suka dawo daga dashen ƙoda suna shan maganin danne garkuwa, da 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don su yi ƙiba, ba su san kotizon ɗin da ke ciki yana kwance musu garkuwa ba. Kuma akwai kaɗan da garkuwarsu ta dawo amma gyambon ya yi tudu ya zauna. Waɗannan suna bukatar a yanki tsoka a duba, suna bukatar foskarnet, ko man imikwimod da ke zuga garkuwar fata. Wani abin sani shi ne, in aka warkar da gyambo mai bijirewa, wanda zai fito daga baya sau da yawa yakan ji asiklobir, domin ƙwayar da ke ɓoye a jijiya ta asali ce. Don haka ba a yanke ƙauna da maganin gaba ɗaya.

Sababbin magunguna suna tafe, masu hana ƙwayar warware igiyar halittarta tun kafin ta fara kwafa. Japan ta amince da amenamebir don zona a 2017. Kamfanin AiCuris na Jamus ya gwada firitelibir a kan masu raunin garkuwa da harfis ɗinsu ya bijire wa asiklobir, a 2025 ya sanar cewa gwajin mataki na uku ya yi nasara. Ƙwaya ce ta haɗiya, ba ta bukatar gado da ƙarin ruwa. Ga gari irin namu wannan babban bambanci ne, in farashi ya bari.

Amma tarihin asiklobir ya koya mini cewa magani yakan yi shekaru a duniya kafin ya iso Garwa, in ya iso kuma a sha shi rabi-rabi. Abin da ke hannunmu yau ya fi kusa. Duk mai zona ɗan ƙasa da shekara hamsin, da duk mai miki a baki ko al'aura da ya wuce wata guda, a ba shi shawarar gwajin sida cikin sirri da mutunci. Wanda yake kan maganin sida a duba yawan ƙwayar a jininsa. A tambayi kowa abin da yake shafawa da abin da yake haɗiya. A rubuta asiklobir cikakke, a gaya wa mutum dalilin da ya sa ba a rage shi. Mata su sami mata masu duba su. Wanzamai da ungozomomi da masu tire, waɗanda har gobe su ne ake fara nuna wa miki, a koya musu ka'ida ɗaya: in ya wuce wata, a tura asibiti.

Sauran aikin na masu ilimi ne. Garwa tana da reshen Cibiyar Pasteur tun tsakiyar shekarun 1980, tana da jami'arta tun 2022 da tsangayar koyon likitanci. Ina roƙon ɗaliban da ke shiga ɗakin wankin miki su shiga da ma'auni da littafi. Su auna faɗin gyambo ranar farko, su sake aunawa rana ta goma, su rubuta maganin da aka sha da yawansa da inda aka saye shi, su ajiye samfur a aika inda za a karanta ƙwayar. Mu mun ga waɗannan majinyata shekara da shekaru, amma abin da muka gani ya tsaya a kawunanmu, kuma ma'aikatar lafiya ba ta sayen magani da labarin baka. Ranar da aka ajiye mata lissafin gyambuna nawa ne suka ƙi asiklobir a arewacin Kamaru cikin shekara guda, ranar ce za a sami hujjar ajiye foskarnet ko magajinsa a babban asibiti guda ɗaya, tare da gwajin ƙoda da ma'aikacin da ya san yadda ake ba da shi.